Kyamarar leƙen cikin inji da bango: wacce za a saya, kuma me take iya nunawa?

Tambayar ta fito daga wani matashin bakanike mai gareji a bakin hanyar Mirriya, nan Damagaram. Ya ce: "Baba, na ga wata ƴar kyamara mai dogon wuya da fitila a kanta, ana zura ta cikin inji ana kallo a waya. Wani zai je Kano sayayya, ina so in ba shi saƙo. Tana da amfani ko wasan yara ce? Wacce iri zan ce ya sayo? Yayana mai aikin famfo da kuran ne, ya ce mu haɗa kuɗi, shi ya riƙa aiki da ita a gidaje, ni kuma a motoci."

Ɗana, tana da amfani, kuma a gareji ta fi amfani nesa ba kusa ba fiye da a gida. In kana son amsa a taƙaice don ka ba ɗan saƙo, ce masa ya nemo mai kai na milimita 5.5, mai ido biyu, ɗaya a gaba ɗaya a gefe, mai allonta na kanta, wadda wuyanta ke tsayawa yadda aka lanƙwasa shi. Tsawon mita 1 zuwa 3 ya ishe ka. Kada ya kula da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Amma tunda kuɗinka da na yayanka za su shiga, bari in faɗa maka dalilin kowane ɗaya.

Asalin abin daga wajen likitoci yake. A 1957 wani likita a Amurka, Basil Hirschowitz, ya haɗa na'urar leƙa ciki da zaren gilashi mai lanƙwasuwa, daga baya masu gyaran injin jirgin sama suka rungumi irin wannan dabara don duba cikin inji ba tare da sun kwance shi ba. Da tsada ce ta hana ta zuwa hannun irinmu. Yanzu an daina dogara da zaren gilashi a irin waɗanda muke saye, ƴar ƙaramar kyamara ce irin ta salula aka dasa a bakin waya, aka kewaye ta da fitilu 6 ko 8. Shi ya sa ta yi araha, shi ya sa kuma ta banza ta cika kasuwa.

Abu na farko shi ne kaurin kai, domin kyamarar da ba ta shiga rami ba, ko hotonta ya kai na talabijin kyau ba ta tsinana maka komai ba. A injin fetur ta ramin buji ake shiga, abin da mutanen Kano ke kira fulogi. Zaren buji iri uku ka fi haɗuwa da su: milimita 14 a yawancin tsofaffin Toyota da Peugeot, 12 a sabbin injuna da babura da dama, 10 a ƙananan babura. Ka sani kuma faɗin ramin bai kai lambar zaren ba. Ramin buji na 10 bai wuce milimita 9 ba a ciki. Kyamara mai kai na 8, wadda ita ta fi yawa a kasuwa, za ta shiga da ƙyar, amma ba za ka samu wurin karkatar da ita ba, sai dai ka yi ta kallon saman piston kawai. Ta 5.5 tana shiga ko'ina cikin waɗannan da sarari. Akwai ta 3.9, ita kuwa haskenta kaɗan ne, ba ta jure wahala, kuma ta fi tsada. Ba na ba ka shawararta a matsayin ta farko.

Injin gazuwal wata magana ce, kuma nan ne mutane ke sayen abu su dawo suna zagin mai kanti. Tsofaffin injunan Hilux da Hiace da Land Cruiser da suka cika tashoshinmu, irin su 2L da 3L da 5L da 1HZ, injekta da bujin ɗumama duk ba kai tsaye suke buɗewa cikin silinda ba. Wani ɗan ɗaki ne a cikin kulas, wato kan injin da ke rufe silindoji, suke shiga, daga shi sai wata ƴar maƙogwaro a karkace ta sauka zuwa silinda. Ka zura kyamara, ɗakin nan za ka gani, da wuya ka wuce. Sabbin injunan gazuwal na Toyota da ake kira D-4D ne ramin injektansu ke sauka kai tsaye kan piston, su kam ta 5.5 na shiga in ka cire injekta. To ka duba irin motocin da suka fi zuwa wurinka kafin ka ɗora buri.

Abu na biyu idon gefe. Ka tuna buji daga sama yake shiga, kyamara mai ido ɗaya kuma gabanta kawai take kallo, wato ƙasa. Abin da kake nema kuwa rabinsa a bangon silinda yake, sauran rabin a sama bayanka: supap, wato bawul ɗin shigar iska da fitar hayaƙi, da bakin juwan kulas, shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji. Masu ido ɗaya ana sako musu ɗan madubi da ake maƙalawa a kai, tare da ƙugiya da maganaɗisu. Ni ban yarda a sa wannan madubin cikin silinda ba. Hasken fitila na dawowa ta cikinsa ya dushe hoton, kuma ranar da ya saɓule ya faɗa kan piston, aikin da ka sayi kyamara don ka guje masa shi za ka yi, kuma kyauta za ka yi shi. Mai ido biyu maɓalli kawai kake dannawa ta koma kallon gefe. Wadda ta fi su duka ita ce mai kan da ke juyawa, ana murɗa wani ɗan hannu kan ya lanƙwaso har ya kalli baya, sai ka ga supap gaba da gaba. Tana da tsada sosai, kuma ƴan wayoyin da ke jan kan suna tsinkewa in an ja ta waje ba a miƙar da ita ba. In aiki ya buɗe maka nan gaba, ita ce ta biyu da za ka saya.

Abu na uku mutane ba su cika tambayarsa ba: tazarar da take gani sarai. Waɗannan kyamarori ba sa daidaita kansu yadda ta salula ke yi. An ɗaure idon a tazara guda, yawanci tsakanin santimita 3 zuwa 10. Abin da ya fi haka kusa ko nisa dishi-dishi za ka gan shi. Ga silinda wannan ya yi daidai. Ga cikin rufin ɗaki bai yi ba, zan zo kan wannan.

Maganar lambobin kwali kuwa, na kyan hoto ne, kuma 720 na gaskiya ya ishe ka, 1080 ya fi. Sai dai da yawa an rubuta musu abin da ba su kai ba, manhaja ce kawai ke buɗa hoton ya yi girma ba tare da ya ƙara fitowa ba. Idon ɗan saƙonka shi ne alƙali. Ya tafi da takardar jaka guda, ya naɗe ta cikin guntun tiyo ko ya rufe ta da tafin hannu don ta yi duhu, ya zura kyamarar ya ga ko ƙananan rubutun da ke jiki na karantuwa. Ya rage hasken fitila ya ƙara, ya tabbata maɓallin na aiki, domin a kan ƙarfe mai sheƙi rage haske ake yi ba ƙarawa ba. Ya girgiza wayar daga gindinta, inda ta haɗu da allo, in hoton ya ɗauke ko ya yi rawa, ya ajiye ta. In zai iya, ya auna kan da kansa, har da tsawon sashen da ba ya lanƙwasuwa, domin kai mai tsawo ba ya shan kwana.

Ka ce a waya ka ga ana kallo. Irin wannan ita ce mafi araha, kuma tana aiki, amma da sharaɗi. Mai igiyar USB sai wayarka ta Android na da abin da ake kira OTG, wanda ke ba ta damar karɓar na'urar da aka jona mata, a wasu wayoyin ma sai ka shiga saituna ka kunna shi da hannu. Mai wifi ita ke ƙirƙirar nata wifi, ba ta cin kuɗin intanet, amma hoton na ɗan makara, ka motsa hannu sai daga baya allo ya nuna. Sannan ka yi tunanin hannunka da baƙin mai a kan wayar da kake karɓar kiran masu mota da ita. Ana tsakiyar dubawa kira ya shigo, hoto ya tafi. Shi ya sa na ce mai allonta. Tana da batirinta da katin ajiye hoto, in kuran ya ɗauke ba ruwanka, kuma yaron gareji zai iya riƙe ta ba tare da ka miƙa masa wayarka ba.

Yanzu yadda ake aikin, don nan ne ake ɓarna. Bari inji ya huce har ka iya ɗora tafin hannu a kansa. Cikin kan kyamarar akwai roba da gam, zafin silindar da ta gama aiki yanzu zai dusar da idon ko ya kashe shi gaba ɗaya. Kafin ka kwance buji, hure yashin da ya taru a gindinsa da iska. A garin nan, musamman da hunturu, babu injin da ba shi da ƙasa a wannan lungun, kuma kana cire buji ciki za ta zuba. Zare makulli ka sa a aljihu, ko ka cire kan batir. Da hannu za ka juya inji, da sifana a kan fulin gaba, har piston ya sauka ƙasa, sannan ka zura. Kada a taɓa juya inji kyamara na ciki. A inji mai silinda 4 a jere, na 1 da na 4 tare suke hawa da sauka, na 2 da na 3 ma haka, saboda haka rabin juyi ɗaya ya ba ka biyu.

Me za ka nema? A bangon silinda mai lafiya za ka ga ƙananan zane masu gicciye da juna, waɗanda aka yi tun daga masana'anta don su riƙe mai. In suna nan, bangon bai cinye ba. In bango ya yi sumul yana ƙyalli, ya shuɗe, kuma irin wannan injin ne ke shan mai. In ka ga zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, wani abu ya karce shi: ko ƙura ta wuce filtar iska, ko sigima, wato zoben piston, ya karye, ko inji ya taɓa yin zafi har piston ya kama. Ƙura ita ce babbar mai kashe injuna a nan. Motar da ke bin hanyar Tanut ko ta Gure da filtar da aka yi ta bugawa a jikin taya ana mayarwa, ko tiyon iska mai tsaga, cikinta zai gaya maka.

Saman piston ya kamata ya kasance da ɗan baƙin gawayi busasshe, kusan iri ɗaya a duka silindojin. In uku baƙaƙe ne ɗaya kuma fes kamar an wanke shi, kada ka yi murna, wanke shi ɗin aka yi. Ruwan radiyata ne ke shiga yana zama tururi yana kankare gawayin, kuma mafi yawa juwan kulas ne, wani lokacin kulas ɗin ne ya tsage. In kana da famfon matsa radiyata, ba shi iska wajen bar 1, ka koma idon gefe ka kalli layin da kulas ya haɗu da bulok. Sau da yawa za ka ga ɗigon ruwa na tsattsafowa a gabanka. Gawayi mai danshi da maiƙo kuwa mai ne, ko ta sigima daga ƙasa ko ta robar supap daga sama. In mota ta kwana ka ga mai ya gangaro ta jikin supap, daga sama yake, kuma wannan aikin bai kai sauke inji ba. In kuruwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar supap da tafiyar piston, ta tsinke, duba saman piston: tabo mai siffar jinjirin wata alama ce supap ta daki piston, kada ka ɓata kuɗin mai mota kan sabuwar kuruwa kaɗai. Supap ɗin fitar hayaƙi mai lafiya launinta zagaye yake daidai ta kowane gefe. Wadda ta fara ƙonewa launin ya karkata gefe guda.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Kyamarar nan tana girmama abu. Ɗan karcen da farce ma ba zai ji ba, a allo sai ya zama kamar kwazazzabo, sabon hannu ya firgita ya ce a sauke inji. Kada ka yanke hukunci da silinda ɗaya, duba duka ka gwada su da juna. Kuma akwai abin da ba ta gani sam: sigima kansu suna ɓoye a jikin piston, kusine, ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, na can ƙasa, kuma ba ta auna ko silinda ta buɗe. Don haka abokiyar tafiyarta ita ce agogon auna matsin silinda. Injin fetur mai lafiya yakan ba da wajen bar 10 zuwa 14, kuma bambanci tsakanin silindoji bai kamata ya wuce wajen bar 1 ba. Agogo ya nuna maka wace silinda ce ke da rauni, kyamara ta nuna maka dalili. In kuɗinku na abu ɗaya ne kawai kuma ba ka da agogon, shi za ka fara saye.

Ba silinda kaɗai ba ce. Ta ramin na'urar auna hayaƙi, mai zaren milimita 18, kana ganin ko saƙar katalizar, wato matatar hayaƙi, ta toshe ko ta narke, ko ma an fasa an kwashe. Kana leƙa bayan dashbod ka ga inda kilima ke yoyo, ka karanta lambar inji da ke lungu, ka nemo goron da ya faɗa. Wanda zai sayi tsohuwar mota da aka sauke a Kwatano ko Lome, ka leƙa masa cikin ƙarfen shasi ta ramukan da ke jiki. A Turai gishiri ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsar kuma daga ciki take ci, fenti na waje yana ƙyalli. Wannan kaɗai sana'a ce da za ka iya karɓar kuɗi a kanta. Kuma ka riƙa ɗaukar hoto kana tura wa mai mota ta WhatsApp kafin ka kwance komai. Gani ya kori ji, gardamar "ka ƙirƙiro mini aiki" tana raguwa.

Wuri ɗaya ne na hana ka: tankin fetur. Na san dalilin da zai sa ka so leƙawa, man ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a bakin hanya, na barin datti a ƙasa. Amma ba a ƙera waɗannan kyamarori don wurin da tururin fetur ya taru ba, kuma fetur na cin gam ɗin da ya riƙe idon. A sauke tanki a wanke.

Sai ɓangaren yayanka. Zai amfana, amma kada ya zaci abin da yake gani a bidiyon Turawa zai samu. Gidajensu bangon allo ne mai rami a tsakiya, namu bulo ne da siminti ko ƙasa, babu sararin da za a leƙa. Inda za ta yi masa aiki shi ne cikin tiyon wayar kuran da aka binne a bango, mai milimita 16 ko 20, ya ga inda siminti ya shiga ko inda tiyon ya lotse, ya fasa wuri ɗaya maimakon ya bi bango da guduma. Ya kashe dijontar, babban makunnin wutar gida, tukuna, kuran ɗinmu bolt 220 ne kuma bakin kyamarar ƙarfe ne. Tana kuma taimakawa a bututun wanka da na kicin, da bayan tayil, da ƙarƙashin baho. A tsofaffin gidajen ƙasa irin na unguwar Birni, ana iya leƙa tsakanin azara a ga ko gara ta fara ci.

Bututun masai mai milimita 100 ya fi ƙarfinta. Kan yana kwanciya a ƙasa cikin ƙazanta, idon ya shafe nan take, fitilun kuma ba sa haska faɗin bututun. Dabarar da ke ɗan taimakawa ita ce a huda murfin gora a saƙala shi bayan kan don ya ɗago daga ƙasa, a ɗaure shi sosai. Ya naɗa salatif a jikin wayar kowane rabin mita don ya san nisan da ya kai, in ba haka ba zai ga toshewar amma bai san inda zai haƙa ba. Hoton kuma na juyawa yadda waya ta murɗe, sai ya zuba ɗan ruwa, inda ruwan ya bi nan ne ƙasa. Masu mita 10 da ake tallatawa, in sun sha lanƙwasar bututu ɗaya ko biyu ba sa turuwa, sai dai su naɗe a ciki. Masu aikin bututu na gaske wata na'ura daban suke da ita mai sandar turawa, kuɗinta kuma ba na haɗin gwiwar mutum biyu ba ne.

Yoyon bututun ruwan sha fa, wanda a Damagaram da ƙarancin ruwanmu shi ya fi ci wa mutane rai? Ba aikinta ba ne. Bututun siriri ne, ga kwana-kwana. A rufe duk famfunan gida a kalli kontar, wato mitar ruwa, in tana tafiya akwai yoyo, sannan a bi sashe-sashe. Cikin silin ma, saboda gajeriyar tazarar da na faɗa, duhu kawai zai gani in abin ya wuce taƙi ɗaya. Waya a ɗaure a sanda, an kunna bidiyo da tocila, ta fi ta nuna jemagu da inda kwano ke zuba. Rijiya da fohoraj kuwa a bar su. Alamar IP67 da ke jiki ma'anarta zurfin mita 1 na minti 30, kuma kan da wayar kawai take nufi, ban da allon.

Haɗin kuɗin naku ni ban so shi ba, ba don wani abu ba sai don abin da ya shiga bututun ƙazanta bai kamata ya shiga silinda ba, yashi ɗaya a jikin waya ya isa ya yi karce. Kai ka ɗauki mai kyau ɗin, shi ya sayi mai arha ta waya, mai kai na 8 da mita 5, wadda in ta maƙale a bututu ba za a yi zaman makoki ba. Kuma ku ja wa yara kunne: ba a sa ta a kunne ko hanci ko maƙogwaron mutum, ba a kuma leƙa ɗakin kowa da ita.

Kulawarta ba wuya. Goge idon da ƙyalle mai laushi da ɗan alkol bayan kowane aiki, ban da fetur, ban da tina. Naɗe wayar da faɗi, kada ka karya ta a gindi. Kada ka bar ta cikin mota a rufe a watan Afrilu da Mayu, batirin lithium ba ya shiri da irin wannan zafin.

Kafin ka fara karɓar kuɗin kowa da ita, jira injin da dama za a buɗe shi. Leƙa kowace silinda ka ɗauki hoto, ka faɗa wa kanka abin da kake zaton za ka tarar, sannan ka cire kulas ka sa farce a kan karcen da ka gani a allo. Yi haka a injin mota, ka yi a na babur da na janareta, ka ajiye hotunan da sunan injin da abin da aka samu a ciki.